Ɗamarar itatuwa ta birnin Yamai

1. Turken siminti

Ranar Alhamis da safe 'yan aji shida ba su zauna cikin aji ba. Malaminsu ya ce kowa ya ɗauki littafin rubutu da alƙalami da gorar ruwa. Manyan yara biyu suka riƙo igiyar awo mai tsawon mita 10. Yau ranar fita nazari ce.

Makarantarsu tana gabashin birnin Yamai. Suka bi titi cikin rana, yashi yana ƙona musu ƙafa ta cikin takalma. Can sai suka ratse, suka shiga ƙarƙashin itatuwan bedi. Nan take iska ta sake. Masu surutu suka yi shiru, don sun ji kukan kurciya, abin da ba su cika ji ba a unguwarsu.

Malam ya tsai da su, ya ce:

– Ku dubi itatuwan nan da kyau. Yaya suke tsaye?

Wata yarinya ta ɗaga hannu.

– Malam, a jere suke, kamar mu in an buga ƙararrawa.

– Madalla. To, dajin da ya tsiro da kansa ba ya yin layi. Kowane icce da kuke gani a nan, hannun mutum ne ya haƙa masa rami, ya dasa shi, ya ba shi ruwa.

Suka bi layi guda suna ƙidaya. Icce, icce, kututture, icce, kututture, kututture. Da suka yi nisa sai layin ya ƙare a jikin wani sabon bango, ko yaɓe ba a yi masa ba. Wani yaro da ke tafe yana kallon sama ya yi tuntuɓe ya faɗi, 'yan'uwansa suka bushe da dariya. Da ya tashi sai ya tona yashi don ya ga abin da ya kayar da shi. Wani ɗan turke ne na siminti, an rubuta masa lamba da jan fenti.

– Malam, mene ne wannan?

Malam ya duƙa ya dubi turken, ya daɗe bai yi magana ba. Sa'an nan ya ce:

– Wannan shi ne darasinmu na yau. Ku zauna.

2. Yadda aka dasa ɗamarar

A shekarar 1926 ne Turawan Faransa suka maido babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai. A lokacin Yamai ɗan gari ne ƙarami a bakin kogin Isa. Har shekarar 1960, da ƙasa ta sami 'yancin kanta, mutanen birnin ba su wuce wajen 30,000 ba. Kewaye da shi akwai tsofaffin garuruwa irin su Gudel da Gamkale da Saga, kuma gonakinsu ne suka shimfiɗa a kan tudu, inda unguwanni suke a yau.

Gari yana girma, daji yana ja da baya. Kowane gida da icce yake dahuwa. Masu jakuna da raƙuma suna shigowa da itacen wuta kullum, kuma kowace shekara sai sun ƙara nisa kafin su samu. Iska ta sami hanya, ta riƙa kwaso yashi da ƙura tana zubawa cikin gari.

A 1965, zamanin shugaba Diori Hamani, ma'aikatan gandun daji suka soma dasa itatuwa a bayan gari, a gefen hagu na kogi. Nufinsu su kewaye birnin ta arewa da gabas, yadda mutum yake ɗaura ɗamara a gindinsa. Shi ya sa ake kiran wurin Ceinture verte da Faransanci, watau tsanwar ɗamara. Tsawonta wajen kilomita 25 ne, faɗinta wajen kilomita ɗaya. An yi ta dashe, kashi bayan kashi, da kuɗin gwamnati da taimakon ƙasashen waje da ƙungiyoyin duniya, har zuwa 1993. Abin da aka dasa ya kai wajen hekta 2,300.

Iccen da ya fi yawa shi ne bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro. Asalinsa daga Indiya ne. Yana jure fari, yana saurin girma, gara ba ta cika damunsa ba, kuma yana da ganye ko da bazara. An dasa iccen turare ma a wasu wurare.

Aikin ya faɗo cikin zamanin da ƙasa duka ta tsorata da hamada. Fari na 1973 da 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa. Tun daga 1975, zamanin shugaba Seyni Kountché, ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dasa itatuwa a Nijar. A watan Mayu na 1984 kuma aka yi babban taro a Maraɗi, inda aka ɗauki alkawarin yaƙi da gurgusowar hamada. A shekarun nan, wanda ma'aikatan daji suka kama da gatari cikin ɗamarar Yamai ya san ya shiga uku.

3. Abin da ɗamarar take yi wa gari

Iska biyu ke wahal da Yamai. Da ɗari, iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas, tana ɗauke da hazo mai sa tari da ciwon ido. Da farkon damina kuma hadari yana tasowa daga gabas, jar ƙura tana gabansa kamar bango, tana ɗage kwanon rufi, tana kayar da danga. Duka biyun sai sun bi ta kan ɗamarar kafin su shiga tsohon gari.

In iska ta ci karo da itatuwa masu yawa, ƙarfinta yana raguwa. Iskar da ta rage gudu ba ta iya riƙe yashi, sai ta zubar da shi a gindin itatuwa maimakon cikin ɗakunan mutane. A watan Afrilu da na Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ganye yana tare rana, yana kuma fitar da ɗan laima mai sanyaya wuri. Da damina, saiwoyi da busasshen ganye suna riƙe ruwa har ya nutse cikin ƙasa. Inda aka sare itatuwa aka zuba siminti, ruwan sai ya gangara da gudu ya cika ƙoramu, ya shiga gidaje.

Duk wannan aiki kyauta ne. Ba wanda ke karɓar kuɗin inuwa, ba wanda ke kai takardar kuɗin iska gida gida. Mai keke da mai mota iska ɗaya suke shaƙa. A nan kuwa raunin ɗamarar yake: abin da kowa ke mora ba tare da biya ba, ba safai ake samun mai tsaya masa ba.

4. Gonar wa?

Yara suka tashi suka ci gaba. A wani ɗan sarari suka tarar da wani dattijo zaune a gindin gawo, yana kiwon awaki. Bazabarme ne, amma yana jin Hausa, kamar yawancin mutanen Yamai. Malam ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe shi, yara ma suka durƙusa.

– Baba, yaran nan nazari suka fito. Suna son su ji tarihin wurin nan daga bakin wanda ya sani.

Dattijo ya yi murmushi.

– To, ku matso, jikokina. Inda kuke zaune nan gonar mahaifina ce. Shi ma daga nasa mahaifin ya gada. Gawon nan ya girme ni. Ina yaro kamarku, wata rana motar ma'aikatan daji ta tsaya a bakin gona. Suka ce gwamnati za ta dasa itatuwa don amfanin gari, amma mu ci gaba da noma tsakanin layuka. A zamanin nan wa ya isa ya ce wa hukuma a'a?

– Kaka, kun ci gaba da noman?

– Mun ci gaba. Shekarun farko mun sami hatsi, mun sami wake. Amma bedi ba gawo ba ne. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, ya bar rana ta sauka kan shuka, ganyen kuma ya zama taki. Bedi kuwa da ya girma sai ya rufe sama. Hatsi ya riƙa yin kara babu zangarniya. Daga ƙarshe muka bar wahala.

Wani yaro ya ce:

– Amma ai an biya ku, ko?

– Ko dala ba mu gani ba, yaro. Ba a ba mu wata gona ba, ba a ba mu takarda ba. Mahaifina ya mutu yana jira. Yanzu ga ni na tsufa, ni ma ina jira.

Ya nuna sabon bangon da sandarsa.

– Wancan gonar maƙwabcinmu ce. 'Ya'yansa sun sayar bara. Ban ga laifinsu ƙwarai ba: ɗaya aure zai yi, ɗaya matarsa na asibiti. Ni ma dillalai sun zo mini har gida, ba sau ɗaya ba. Sun faɗi kuɗin da ban taɓa riƙewa ba tun da aka haife ni. Ban sayar ba, don na saba da inuwar nan. Amma in na kwanta dama, ban san abin da magada za su yi ba.

Abin da ya sami wannan dattijo ya sami iyalai da yawa. Akwai doka a Nijar tun watan Nuwamba na 1961 game da karɓar ƙasar mutum don amfanin jama'a, kamar in za a yi hanya ko asibiti. Dokar ta ce hukuma tana da ikon karɓa, amma sai ta biya diyya ta adalci tukuna. Da aka zo dasa ɗamarar, masu gonaki da yawa ba a biya su ba. An dasa icce, ba a gama maganar ƙasa ba. Icce na gwamnati, ƙasa kuwa masu ita ba su taɓa yarda ta fita hannunsu ba. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Muddin birni yana nesa, kuma ana tsoron hukuma, maganar ta kwanta. Da birni ya iso bakin itatuwa, ƙasa ta yi tsada, sai ta tashi.

5. Bukkoki

Gaba kaɗan yara suka ga bukkokin zana da na buhu, a jere cikin itatuwa. Wata mata tana daka a ƙofar bukkarta. Ta ce iyayenta sun zo Yamai ne daga arewa a shekarar yunwa ta 1984, bayan dabbobinsu sun ƙare. A nan aka haife ta. Mijinta yana tura amalanke, ita tana wanki a gidajen mutane. Kowane wata suna ba mai gonar ɗan wani abu don ya bar su su zauna.

Tun bayan fari na 1973 da na 1984, mutanen karkara suka riƙa kwararowa birni. Wanda ba shi da kuɗin haya, ina zai sa kansa? Ɗamarar ta zama mafakar talakawa. Babu famfo, babu masai, babu magudanar ruwa. Wasu suna sare rassa don dahuwa, wasu suna yi don sayarwa. Bayan haka masu kwasar shara suka mai da wasu sassa juji, ledoji suna rataye a kan rassa kamar jemagu. Ɓata-gari ma sun sami maɓoya, har mutane suka riƙa jin tsoron ratsa wurin da dare.

A 2008 hukuma ta tashi mazauna bukkoki daga wasu sassan ɗamarar. An rushe, an kwashe. Ba a daɗe ba wasu suka dawo, don ba su da wurin zuwa.

In ana maganar lalacewar ɗamarar, masu bukkoki ake fara ambata, don su ne ake gani, kuma su ne ba su da mai kare su. Gaskiya ne sun yi ɓarna. Amma bukka ana iya ɗage ta cikin yini guda, a sake dasa icce a gurbinta. Gidan siminti mai ƙofar ƙarfe da takarda mai hatimi kuwa, in ya tsaya ya tsaya ke nan. Mai wanki ba ita ta kafa turken da ya kayar da yaron nan ba.

6. Yadda daji yake zama filaye

A ƙidayar jama'a ta 1988, mutanen Yamai sun kusa 400,000. A ta 2012 sun wuce miliyan ɗaya. Kowane magidanci yana son gida nasa na kansa, kuma wannan ba laifi ba ne. Birni ya cika, ya tsallake ɗamarar. Unguwanni irin su Niamey 2000 a bayanta suke. Abin da aka dasa a bayan gari ya koma cikin gari, kuma fili cikin gari tsada gare shi.

Fili ya zama kamar banki. Mai kuɗi yana saye ya kewaye, ya jira farashi ya hau. A farkon shekarun 2000, gwamnati da kanta ta biya wasu ma'aikatanta bashin albashi da filaye. Ma'aikatun magajin gari ma sun daɗe suna samun kuɗin shiga ta hanyar yanka filaye. Daga baya 'yan kasuwa masu zaman kansu suka shiga sana'ar.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai yanka filaye ya je wurin magadan gona ya yi ciniki da su. Ya kawo mai awo, a ja layuka, a fitar da tituna, a kafa turakun siminti a kusurwar kowane fili. A ba masu gona nasu kaso, sauran a sayar. Itatuwan ba a sare su da rana tsaka. Wani lokaci a ɓare musu bawo a gindi, ko a tara shara a cinna wuta, sai icce ya bushe a tsaye. Busasshen icce kuwa ba wanda ke yi masa kuka. Wata safiya sai a ga an sauke yashi da bulo.

Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In filin gida ɗaya murabba'in mita 400 ne, hekta guda za ta ba da filaye 25, kafin a cire tituna. Yaron da ya iya lissafi zai gane dalilin da ya sa dillalai ba sa gajiya da zuwa gidan dattijon nan. Wajen shekarar 2011 an riga an ƙiyasta cewa kusan rabin ɗamarar ya salwanta.

Ribar sayar da fili tana shiga aljihun mutum biyu ko uku, kuma sau ɗaya ake cin ta. Hasarar kuwa ta gari duka ce, kuma kowace shekara ake biyan ta, duk sa'ad da hunturu ya busa. Bedin da aka dasa a 1965 ya shekara 60 yana aiki. Mai gatari yana gamawa da shi kafin a yi azahar.

7. Abin da doka ta ce

A hanyar komawa suka gamu da wani ma'aikacin gandun daji a kan babur. Malam ya roƙe shi ya yi wa yara bayani. Ya kashe babur ya sauko.

– Yara, a garuruwanku na asali akwai burtali?

– Akwai!

– Wa ke da shi?

Suka yi shiru. Can wata ta ce:

– Na kowa ne.

– To, mai gari yana iya sayar da shi?

– A'a, shanu ba za su sami hanya ba.

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen ƙasar nan sun san akwai ƙasar da ba a sayarwa: burtali, makiyaya, mashaya, maƙabarta, filin idi, da hurumin gari. Sarki ko mai gari yana tsaron su ne, ba mallakarsa ba ne. Dokar zamani ma ta san da irin wannan ƙasa, tana kiranta dukiyar jama'a. Ba a sayar da ita, kuma daɗewa a kanta ba ya mai da ita ta mutum.

A watan Yuni na 2004 aka kafa dokar gandun daji ta Nijar. A watan Yuli na shekarar kuma aka fito da wata doka ta musamman don kare filayen shan iska da ɗamarun itatuwa na birane. Amma akwai wata doka da ta riga su, ta watan Maris na 1993, wadda ta shafi ƙasar noma da kiwo. Ita ta ce haƙƙin da mutum ya gada bisa al'ada yana da kariya daidai da haƙƙin da aka rubuta a takarda. Dokokin nan duka masu kyau ne. Sai dai a cikin ɗamarar Yamai sun yi karo, saboda bashin da ba a biya ba tun farko.

Ma'aikacin ya ce:

– In na tarar da mutum yana gini, na ce ya tsaya, sai ya fiddo mini takardar ciniki da hatimi a kanta. Ni ina da doka, shi yana da takarda. Magana ta tafi gaban alƙali. Kafin a yanke hukunci, shi ya kai gini rufi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

– To, ranka ya daɗe, mene ne magani? in ji Malam.

– A ganina, a fara biyan masu gonaki haƙƙinsu, da kuɗi ko da wani wuri, a rufe wannan baki. Sa'an nan a auna abin da ya rage, a shata iyaka da kowa zai gani, a rubuta shi da sunan jama'a. Wanda ya sa hannu a takardar ƙarya, kome girmansa, a hukunta shi. Waɗanda ke cikin bukkoki kuma a nema musu wurin zama, don kora kaɗai ba ta taɓa yin magani ba.

Ya hau babur, sa'an nan ya waiwayo.

– Kuma ku riƙa zuwa. Wurin da mutanen kirki ke zuwa hutawa, da yara ke wasa, da 'yan makaranta ke karatu a inuwa, yana da wuyar sata. Wanda aka bar wa shara shi ake yankawa da dare.

8. Wani daji a ƙasar Kenya

Ba Yamai kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Nairobi, babban birnin Kenya, akwai wani daji mai suna Karura, mai faɗin wajen hekta 1,000. A 1998 aka gano cewa an rarraba wasu sassansa a asirce ga masu son gina gidajen alfarma. Wata malamar jami'a, Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu dasa itatuwa a 1977, ta ƙi yarda. Ita da abokan aikinta suka riƙa zuwa da dashe a hannu, suna dasawa inda aka sare. A watan Janairu na 1999 masu gadin wurin suka far musu, suka fasa mata kai. Ɗaliban jami'a suka fito kan titi. Daga ƙarshe aka janye maganar ginin. A 2004 aka ba Wangari Maathai lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. Daga baya aka kewaye dajin da shinge, mutanen Nairobi suna shiga yawo da iyalansu.

Akwai bambanci guda. Karura tun da daɗewa a rubuce yake a matsayin gandun gwamnati, saboda haka masu kare shi ɓarayi kaɗai suka fuskanta. Masu son kare ɗamarar Yamai kuwa dole su tsaya gaban dillali, su kuma saurari dattijo mai awaki.

9. Komawa makaranta

Da suka iso makaranta rana ta take tsaka. Kafin su shiga aji, yarinyar nan da ta ce burtali na kowa ne ta tsaya tana duban filin wasa.

– Malam, filin makarantarmu fa? Ina iyakarsa?

Makarantar ba ta da bango. Ta gabas wani ya kafa rumfar shayi, ta kudu wani ya tara bulo tun bara. Ba yaron da ya san ko cikin filin suke ko wajensa. Malam ma bai sani ba. Ya je wurin shugaban makaranta, suka buɗe akwatin takardu, suka yi ta nema har suka sami taswirar filin, ta tsufa ta yi ja. Da marece 'yan aji shida suka ja igiyarsu mai mita 10 daga kusurwa zuwa kusurwa, suna rubutawa. Bulon nan ya shigo cikin fili da igiya ɗaya da rabi. Shugaban makaranta ya ce zai kira taron iyayen yara ranar Lahadi.

Ranar Asabar, yaron da ya yi tuntuɓe ya bi ta cikin ɗamarar, an aike shi gidan gwaggonsa. Ya nemi turken nan mai jan fenti bai gan shi ba. An sauke yashi mota guda a kansa.

Ma'anar kalmomi

Hurumi: filin da aka keɓe wa gari duka, wanda ba a nomawa, ba a ginawa. Diyya: abin da ake biyan mutum don an karɓi kayansa ko an yi masa hasara, da Faransanci indemnité. Yanka filaye: raba babban wuri zuwa ƙananan filayen gida da tituna, da Faransanci lotissement. Dukiyar jama'a: da Faransanci domaine public. Hekta: fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka soma dasa ɗamarar Yamai, kuma don me?
2. Me ya sa hatsi ke yi a ƙarƙashin gawo amma ba ya yi a ƙarƙashin bedi?
3. 'Ya'yan maƙwabcin dattijo sun sayar da gonarsu. Suna da gaskiya ko ba su da ita? Ku kasu gida biyu, kowane gida ya kawo hujjarsa.
4. Mene ne bambancin ɓarnar bukka da ta gidan siminti?

Lissafi

Fili yana da tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita ɗaya. Hekta nawa ke nan? In an yanka hekta 40, aka bar kashi ɗaya cikin huɗu don tituna, filaye nawa masu murabba'in mita 400 za a samu?

Aiki

Ku tambayi wani tsoho na unguwarku ko garinku wuraren da suke na jama'a a lokacin ƙuruciyarsa. Ku rubuta sunayensu, ku je ku duba waɗanda suke nan har yanzu. Ku zana taswirar filin makarantarku, ku sa alama inda iyakarsa take.